Bin Sawun Littattafan Soyayya Daga Sokode Zuwa Kano

Akwai wani baƙo da ya daɗe da shigowa gidajenmu na zango, a nan Sokode da can Dapaong, amma ba mu taɓa zaunar da shi mun tambayi asalinsa ba. Baƙon nan kuwa shi ne ɗan siririn littafin nan na Hausa mai hoton fure ko budurwa a bango, wanda mata ke ajiyewa a ƙarƙashin katifa, yana yawo daga hannun amarya zuwa na ƙanwar miji, daga nan zuwa maƙwabta, har bangon ya cire a kama shi da zare. A Kano sunansa littafin soyayya. Maza da yawa ba su ɗauke shi a bakin komai ba, wasu malamai kuma kallon shaiɗan suke yi masa.

Ni dai a matsayina na malamin makaranta, abin da ya sa na damu da shi daban ne. A ƙasarmu Faransanci ne harshen aji. Da aka yi wa ilimi garambawul a 1975, Ewe da Kabiye aka zaɓa a matsayin harsunan ƙasa, Hausa kuwa ba ta sami ko kujera ɗaya a lakwal ba. Duk da haka za ka tarar da mata a zango suna karanta Hausar boko tiryan-tiryan. In ka tambayi inda suka koya, mafi yawan waɗanda na sani za su nuna maka irin wannan littafi. Yarinyar da ta saba rubuta Aboubakar da tchiniki irin na Faransa, ba ta taɓa ganin ƙa mai lanƙwasa ko ɗa mai ƙugiya ba, sai ka ga ta gane su cikin mako guda, don kawai ta ƙagara ta san wa zai auri wa.

Wata tsohuwar ɗalibata, haifaffiyar Dapaong wadda ta tashi a hannun gwaggonta a nan Sokode, yanzu kuma tana karatu a Jami'ar Kara, ita ce ta ɗauki nauyin yin tambayar da mu ba mu yi ba. A babban hutun 2022 ta bi gwaggon tata, wadda ta saba zuwa Kantin Kwari saro atamfa da mayafai, ta tafi da littafin rubutu biyu, ta dawo bayan mako biyar duk ta cika su. Ta roƙe ni kada in ambaci sunanta. Abin da zan kawo muku daga bakinta da rubutunta yake, na haɗa da ɗan abin da na karanta.

Daga tashar Sokode suka bi ta tsagaggen dutsen Aledjo zuwa Bafilo da Kara, suka karkata gabas ta Ketao suka shiga Benin. Sai Jugu, sai Paraku, sai Kandi, har Malanbil a bakin Kwara. Suka haye gada zuwa Gaya, suka bi Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi, sannan suka shiga Nijeriya ta Jibiya. Wannan fa kafin juyin mulkin Nijar na 2023 ne, wanda a bayansa aka rufe gadar ta Malanbil. Kwana uku suka yi, kuma ta ce abin da ya fi ba ta mamaki shi ne tun daga Jugu ba ta ƙara buƙatar Faransanci ba sai a gaban 'yan duwan.

Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihin zango. Wani yanki na wannan hanya ita ce tsohuwar hanyar Gwanja, wadda kakanninmu fatake suka riƙa bi da jakuna, suna kawo kanwa da turkuɗi da jemammun fatu daga Kano, su wuce ta Jugu da ƙasar Kotokoli zuwa Salaga, su koma da goro. Unguwar Didawure ta nan Sokode ai kasuwancin nan ne ya raya ta, haka ma Sansanin Mango a arewa. Kuma tun a wancan zamani ba kaya kaɗai ke bin hanyar ba, har da takarda. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Kete-Krachi, wadda a lokacin take cikin Togo ta Jamus. A can ya rubuta tarihin ƙasar Hausa da ajami ya ba wani Bajamushe mai suna Adam Mischlich. Ya rasu a 1934. Ku riƙe wannan shekara, za mu sake cin karo da ita.

Garin farko da ta sauka don aikinta shi ne Katsina, ta yini ɗaya gwaggo tana gaisawa da dangi. Ta je ta ga tsohon ginin ƙasa na Kwalejin Katsina, inda aka horar da malaman makaranta a Arewa. Dalilin zuwanta shi ne, a 1933 wani Bature, Rupert East, wanda ke shugabantar ofishin fassara a Zariya, ya zaga yana neman waɗanda za su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, ya sa gasa. Waɗanda suka amsa kira kusan duk 'yan aji ne irina: Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Bauci ya rubuta Shaihu Umar. A 1934 aka fara buga su, wato shekarar da Alhaji Umaru ya kwanta dama. Alƙalamin kara yana sauka, injin ɗab'i yana tashi.

Ko da yake daga Katsina Kano suka wuce, bari in fara kai ku Zariya, inda ta je a mako na biyu, domin can zaren labarin ya ci gaba. Ta ga ginin kamfanin Gaskiya, gidan jaridar nan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, ta kuma shiga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. A nan ne ta fara riƙe Jiki Magayi a hannunta, wanda John Tafida ya rubuta tare da East a cikin wancan zubin na farko. Labarin Abubakar ne da Zainab da suke son juna, sai wani mai dukiya, Malam Shehu, ya shiga tsakani ya aure ta, sauran littafin kuma ramuwar gayya ce da abin da ta haifar. Ta rubuta a gefen takardarta cewa ashe tun ran gini tun ran zane: saurayi talaka, attajiri mai ƙarfin aljihu, yarinya a tsakiya. Duk abin da 'yan Kano za su zo su cika kasuwa da shi bayan shekara hamsin yana nan a ciki. Bambancin kawai, namiji ne ke ba da labarin, kuma baƙin cikin namiji ake bi.

Kafin a ji ta bakin mace sai da aka kai 1980. A shekarar nan kamfanin NNPC na Zariya ya buga littattafan da suka yi fice a wata gasa da ya shirya, cikinsu akwai Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda masana ke lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Labarin Boɗaɗo ne, Bafulatana, wadda ta kafe a kan auren wanda ba jininsu ba, danginta suna ja. Ɗalibar tawa ta ce da ta karanta shi sai ta ga kamar a zangon Dapaong aka yi, inda har gobe in ɗiyar Bahaushe ta ce tana son Bamobe ko Bakotokole, ko da Musulmi ne, sai an yi zaman dattawa.

To, yanzu sai Kano. Gwaggo takan fita Kwari da sassafe, ita kuma ta hau a-daidaita-sahu ta nufi wurin masu littattafai, wata rana Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wata rana Sabon Gari. A Kurmi ta sami wani dattijo mai rumfa da ya ba ta benci, da ya ji daga Togo ta zo sai ya ce ai ya daɗe yana ɗaure wa mutanen Gana da Togo da Kamaru kaya. Shi da wasu malamai da ta yi magana da su a Jami'ar Bayero suka warware mata yadda abin ya faro.

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, a 1976 Nijeriya ta buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa, sannan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a Kano a 1980, har matan aure suka sami azuzuwa. Cikin 'yan shekaru sai ga dubban mutane da suka iya karanta Hausa amma ba su da abin karantawa. Na biyu, tattalin arziki ya karye, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma buga littattafan makaranta kaɗai. Ga masu jin yunwa, ga mai tuwo ya rufe ɗaki. Sai matasa suka shiga girki da kansu: mutum ya rubuta labarinsa a littafin makaranta, ya kai wa mai tafireta, ya tara kuɗi ya kai ƙaramar maɗaba'a, ya ɗauko ya raba wa 'yan kasuwa. Shi ya sa ake yanka labari kashi biyu ko uku, a tsaya daidai inda ran mai karatu zai tashi, domin cinikin na ɗaya shi ke biyan kuɗin buga na biyu. Wanda bai iya saye ba ya karɓi haya. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, a tsakiyar shekarun 1980, yana cikin waɗanda suka buɗe wannan ƙofa.

Marubutan suka kafa ƙungiyoyi, wadda ta fi suna ita ce Raina Kama, kuma sunan ma ya isa jawabi, domin kowa ya san ƙarshen karin maganar. A cikinta akwai Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda shi kansa ta ajin manya ya yi boko, kuma In Da So Da Ƙauna nasa, labarin Sumayya 'yar masu kuɗi da Muhammad talaka, ya zaga ko'ina a farkon shekarun 1990. Iyayenmu mata na Didawure da yawa da shi suka fara. Daga baya Bilkisu Ahmed Funtuwa ta zo da irin su Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe.

Amma wadda ta cinye rabin littafin rubutun ɗalibata ita ce Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, kuma ban ga laifinta ba. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Muhammed, shugaban Nijeriya da aka kashe a 1976, amma wannan bai hana a cire ta daga makaranta a yi mata aure tana 'yar ƙaramar yarinya ba. Auren bai daɗe ba ya mutu, ta koma ta yi karatu a ajin manya, ta kama alƙalami. Ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila a 1990. Duk wanda ya buɗe su yana neman kalaman zumar saurayi da budurwa zai sha mamaki. A Wa Zai Auri Jahila, uba ne ya cire 'yarsa Abu daga makaranta, saurayin da aka yi mata alkawari da shi ya guje ta don ba ta yi boko ba, aka aurar da ita ga wani tsoho, ta gudu, ta yi karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. A Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, Rabi ce mai 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu ya yi sabuwar amarya ya kore ta, ta riƙe yaran da sayar da abinci. Wannan na biyun Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, wani kamfani na Indiya mai suna Blaft ya buga a 2012.

Da ta ba gwaggonta labarin Rabi da daddare a masauki, sai gwaggon ta yi shiru, can ta ce, "'Yar nan, wannan ai ba soyayya ba ce, zaman gida ne." Ni ma ra'ayina ke nan. Sunan da aka laƙaba wa littattafan ya rufe abin da ke ciki. Auren dole, kishi, sakin wulaƙanci, uwar miji, rabon gado, yarinyar da aka hana karatu: abubuwan da mata ke faɗa wa juna a madafa a rage murya in an ji tarin maigida, su ne aka buga a takarda aka kai kasuwa. Soyayyar ita ce man da aka zuba don tuwon ya wuce.

Tun da an ambaci Indiya, dole a faɗi gaskiya, akwai hannunta a ciki. Tun shekarun 1950 'yan Kwara masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya Kano, mutane suka ga irin rayuwarsu a ciki, iyaye na zaɓa wa 'ya miji, talaka na son 'yar mai kuɗi, ga kunya da kawaici. Marubuta da yawa da wannan kallo suka tashi, wasu ma ɗauko labarin suke yi sukutum su sa masa hula da mayafi. Daga littattafan kuma aka gangara zuwa bidiyo. An yi Turmin Danya a 1990, ba a daɗe ba aka mayar da In Da So Da Ƙauna fim, sana'ar da yau ake kira Kannywood ta kafu. Kaset ɗin da muka riƙa kallo a zaurukan Sokode muna yara, ashe ƙannen littattafan nan ne.

Ba a bar su sun sha ruwa da sanyi ba. A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridu. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da 'yan ƙananan littattafan kasuwar Onisha, yana ganin ba za su yi ƙarko ba. Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsaya musu, yana cewa a dubi yadda suka sa jama'a karatu. A wajen jami'a kuma zargin ya fi zafi, ana cewa suna koya wa 'yan mata bijire wa iyaye. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an tara littattafai an cinna musu wuta a bainar jama'a a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, daga baya kuma hukumar tace finafinai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista da ita.

In aka tambaye ni, masu sukar ba su rasa abin kamawa ba. Na duba waɗanda ta kawo da jan biro a hannu, irin halinmu na malamai. Da yawa ba su san inda ake raba kalma ba, ɗa da da duk ɗaya ne a wurinsu. Wasu kuma ba abin da ke ciki sai gidan bene da mota da farar mace mai dogon gashi, kamar talaka baƙi ba ya aure. Wannan yana ɓata tunanin yarinya, ban musa ba. Sai dai wanda ya ƙone rumbu don ya ga ɓera a ciki, da me zai ciyar da gida? A Kano in an hana yarinya wannan littafi tana da wani, tana da darasin Hausa a aji, tana da jarida. A Dapaong in ka karɓe shi daga hannunta, ka karɓe Hausar da take karantawa gaba ɗaya.

Abin da ta tarar a kasuwa a 2022 bai kai yadda ake ba da labari ba. Dattijon nan na Kurmi ya nuna mata rumfunan da a da littafi ne har rufi, yanzu wasu sun koma sayar da wani abu. Ba wai an daina rubutu ba ne, wuri aka sauya. Marubuta mata na sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, a ba ka farkon kyauta, in ya kama ka sai ka biya, wato dai dabarar kashi na ɗaya da na biyu ce ta koma cikin waya. Gidajen rediyo na karanta littattafai, wasu kuma na karantawa a YouTube don waɗanda ba su iya bi da ido ba. Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata zalla a 2016. Wannan na karatu a kunne yana da daɗi ga mai tuƙa tuwo, amma ni yana ɗan sa ni fargaba, domin wadda ake karanta wa ba za ta taɓa haɗuwa da ƙa mai lanƙwasa ba.

Sun dawo ta hanyar da suka bi, gwaggo da dilolinta, ita da kwali biyu na tsofaffin littattafai, waɗanda wani ɗan duwan ya buɗe ya jujjuya ya mayar, ya ce bai san kuɗin da ake sa wa wannan ba. Sauran hutun ta wuce Dapaong wurin mahaifiyarta, ta bi gida-gida tana tambayar mata abin da suka adana. An fito mata da wasu daga cikin akwatin aure, wasu ba farko ba ƙarshe, wasu da sunayen mata huɗu ko biyar a shafin farko, kowace ta rubuta nata a ƙarƙashin na wadda ta ba ta aro. A cikin duk abin da ta tara, na Kano da na gida, ba ta sami ko ɗaya da labarinsa ya faru a wani zango na Togo ba. "Malam," in ji ta, "mu kullum masu aro ne." Na ce mata Hajiya Balaraba ma ba ta jira wani kamfani ya zo ya roƙe ta ba.

Kwali ɗaya yana Dapaong, ɗaya yana zauren gwaggo a nan Sokode, kuma duk lokacin da ta zo hutu mata kan taru ranar Asabar bayan la'asar, a ba kowace shafi ta karanta a fili, a gyara mata. Da Alhaki Kuykuyo Ne suka fara. Da aka zo ƙarshe, inda kantin Alhaji Abdu ya ƙone, amarya ta watse, dangi suka matsa wa Rabi ta koma ɗakinta, sai zauren ya rabu biyu. Tsofaffi suka ce ta koma ko don 'ya'ya, matasa suka ce ko da wasa. Gwaggo, wadda ita ce mai zaure, ta ƙi faɗin nata, ta ce a tashi an kira magariba.